IP MAN, MALAMIN BURUSLI: BAƘON DA YA SAUKA HONG KONG HANNU RABBANA

A wannan fitowa filinmu na tarihin mashahuran mutane zai yi nisan kiwo, domin kuwa ƙasar Sin za mu leƙa. Kuma akwai dalili. A taron ƙungiya da ya wuce an kawo kuka game da ajin kunfu da samarinmu ke yi ranar Lahadi bayan La'asar. Da aka fara, fili har ba ya ɗaukar yara. Yanzu kuwa in ka je ka ƙirga, da ƙyar su cika yatsun hannu biyu. Da muka tuntuɓi waɗanda suka daina zuwa, amsar kusan ɗaya ce: wai wata da watanni ana tsai da su wuri guda suna miƙa hannu suna janyewa, har yau ba a koya masu tsalle da shuri irin na fim ba. Wasu iyaye kuma sun ce dama su ba su ga amfanin abin ba, in ban da koya wa yaro neman faɗa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da a gabansa shi kansa Burusli ya fara tsayawa wuri guda yana miƙa hannu yana janyewa.

Duk wanda ya yi zamanin sinima a nan Sabo ya san Bruce Lee, wanda yaranmu suka mai da Burusli. In an tashi daga kallon fim ɗin Chanis, ai ba ka rasa ganin samari a bakin titi suna ihu suna harbin iska da ƙafa, har wani ya yaga wando. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan gwarzo yana da malami, wani ɗan siririn dattijo mai sanƙo, mai yawan murmushi da shan taba, wanda in ka gamu da shi a kasuwa za ka ɗauka tsohon akawu ne. Sunansa Ip Man, wasu kan rubuta Yip Man.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1893, a garin Foshan na lardin Guangdong da ke kudancin Sin. Gidansu gidan masu hali ne, suna da gidaje da filaye. Foshan kuwa gari ne da ya yi suna wajen sana'ar tukwane da kuma makarantun faɗa, kamar dai yadda wasu garuruwanmu suka yi suna a dambe ko kokawa. Tun yana yaro ya shiga hannun wani malami mai suna Chan Wah-shun, wanda asalin sana'arsa canjin kuɗi ce a kasuwa, har laƙabinsa ma ke nan, Wah ɗan canji. Shi kuma wannan ɗan canji almajirin Leung Jan ne, wani mai maganin gargajiya da ya shahara a Foshan. Salon faɗan da suke koyarwa shi ake kira Wing Chun, ɗaya daga cikin ɗimbin salon da mu a nan muke haɗa su duka mu ce kunfu.

Lokacin da Ip Man ya zo, Chan Wah-shun ya riga ya tsufa, kuma shi ne autan almajiransa. Shekaru kamar uku kawai ya samu a gabansa, ciwo ya kwantar da malamin. Daga nan sai wani babban almajiri mai suna Ng Chung-sok ya ɗauki nauyin yaron, kuma a hannunsa ya yi akasarin karatunsa na farko. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamakin wannan ba, don ya san sau da yawa gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, malam yana gefe yana sauraro. Haka tsarin yake a wurinsu. Malami shi ne sifu, kalmar da ta haɗa ma'anar malami da uba. Wanda ya riga ka shiga makaranta kuwa sihing ne, wato yaya, ko da ka girme shi da shekara ashirin.

Yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha shida aka tura shi Hong Kong karatun boko, a kwalejin St. Stephen. Lokacin Hong Kong tana hannun Turawan Ingila, kamar yadda ƙasarmu take a wancan zamani. Almajiransa sun ruwaito cewa a can ya gamu da wani dattijo, ya raina shi ya nemi su gwada, dattijon ya yi ta kayar da shi ba tare da ya yi gumi ba. Ashe Leung Bik ne, ɗan Leung Jan, wato ɗan malamin malaminsa. Sai ya sauke girman kai ya koma almajiri. Masu bin tarihin wannan fanni sun yi saɓani kan wannan ruwaya, amma ita ce ta yaɗu a makarantun da suka fito daga tsatsonsa.

Da ya koma Foshan sai ya yi aure, ya yi aikin ɗan sanda. Kunfu a wurinsa a lokacin abin sha'awa ne na ɗan masu kuɗi, yana yi da abokai a tsakar gida, bai buɗe makaranta ba, bai kuma nemi ko kwabo da shi ba. To, duniya rawar 'yan mata. A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, a 1938 sojan Japan suka mamaye Foshan, dukiyar gidansu ta lalace. A cikin shekarun yaƙin ne ya ɗan koyar da wasu 'yan ƙalilan. Bayan an gama da Japan a 1945 ya koma aikin ɗan sanda a ƙarƙashin gwamnatin Kuomintang, ga kuma yaƙin basasa ya taso tsakanin wannan gwamnati da 'yan Kwaminis na Mao. Da 'yan Kwaminis suka yi nasara a 1949, duk wanda ya sa kakin tsohuwar gwamnati ya san zama bai gan shi ba. A ƙarshen wannan shekara Ip Man ya bi ta Macau ya tsallaka Hong Kong, yana da shekara 56.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Mutum ne da ya tashi cikin daula, bai taɓa tunanin abin da zai ci gobe ba, sai ga shi a shekarun da tsararsa ke shirin hutawa ya zama baƙo a garin da ba shi da gida ba shi da jari. Matarsa, Cheung Wing-sing, tana Foshan lokacin da aka rufe kan iyaka a 1951, kuma ba su sake haɗuwa ba har ta rasu a 1960. 'Ya'yansa maza biyu, Ip Chun da Ip Ching, sai a 1962 suka samu isowa wurinsa. Garin kuma ya cika maƙil da 'yan gudun hijira irinsa. Mutanen Hong Kong da ba su wuce 600,000 ba a 1945 sun haura miliyan 2 cikin shekaru biyar zuwa shida, jama'a na kwana a rumfunan kwano a gefen duwatsu da kan rufin benaye.

Mu da iyayenmu da kakanninmu suka sauka ƙasar Kurmi da ɗan ƙunshin kaya, mun san abin da baƙo ke fara nema: mai masauki. Ip Man ya samu nasa a ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci da ke unguwar Sham Shui Po, a ɓangaren Kowloon. Su suka ba shi wurin da zai sa haƙarƙarinsa, kuma a ofishinsu ya fara koyarwa a 1950. Almajiransa na farko masu dafa abinci ne da masu raba shi da masu wanke kwanuka, waɗanda ke zuwa bayan sun tashi aiki a gajiye. Na farkonsu shi ne Leung Sheung, sai Lok Yiu, sai Chu Shong-tin. Abin da ɗan masu kuɗi ya koya don nishaɗi shi ya zama abincinsa.

To ga inda labarin ya zo daidai da namu. Makarantar ba ta yi kasuwa ba da farko. Mutane kan zo da zafinsu, su yi wata ɗaya ko biyu, su sulale. Kuɗin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, har sai da ya yi ta sauya wuri, daga baya ya koma titin Lee Tat a unguwar Yau Ma Tei. Kuma in mutum ya ga abin da ake fara koya wa sabon shiga, zai gane dalilin gudun.

Darasin farko sunansa Siu Nim Tau, ma'anarsa ƙaramin tunani. Almajiri zai tsaya ya buɗe ƙafafu, ya karkato yatsun ƙafa ciki, ya ɗan durƙusa gwiwoyi suna fuskantar juna, bayansa a miƙe. Daga farkon darasin har ƙarshensa ƙafar nan ba za ta gusa ba ko taki ɗaya. Hannu kaɗai ke aiki. A kashin farko ma, hannu ɗaya ne zai fito daga ƙirji, tafin yana kallon sama, a hankali a hankali kamar mai tsoron kada ya tashi jariri daga barci, sannan a juya shi a dawo da shi, a sake turawa, har sau uku, kafin a koma ɗaya hannun. Masu yi da gaske kan ɗauki minti goma sha biyar ko fiye a wannan kashi kaɗai. Cinya ta yi ta rawa, kafaɗa ta yi zafi, ga shi ba wanda ka buga, ba wanda ya buge ka. Yaron da ya zo da niyyar tashi sama, ina zai iya?

Amma akwai hikima a ciki. Dukan ginin Wing Chun a kan layi ɗaya yake, wanda ya ratsa tsakiyar jikin mutum daga goshi zuwa ƙasa, inda ido da hanci da maƙogwaro da ƙahon zuci suke. Wanda ya tsare nasa layin ya kuma mallaki na abokin karawarsa, ya gama. Saboda haka naushinsu a miƙe yake tafiya, ba ya zagaye irin na ɗan dambe, gwiwar hannu kuma ba ta barin gaban ciki. Shurinsu ma ba ya wuce ƙugu, galibi gwiwa ake nema ko ƙwauri. Jinkirin nan na darasin farko shi ke koya wa gwiwar hannu mazauninta, ya kuma koya wa kafaɗa ta saki, domin hannun da ya ƙage ba ya sauri. Wanda ya tsallake wannan, duk abin da ya ɗora a kai daga baya a karkace zai tafi, kamar telan da bai iya miƙe ɗinki ba ya ce zai yi aikin wuya.

Sai malam ya gamsu sannan a wuce darasi na biyu, Chum Kiu, inda a karon farko za a yarda ka juya jiki ka yi taku. Na uku shi ne Biu Jee, wanda ba kowa ake ba shi ba, dabarun fitar da kai ne in abu ya ɓaci. A tsakanin waɗannan akwai abin da ya fi komai cin lokaci a makarantar Ip Man, wato chi sau, manna hannu. Mutum biyu za su haɗa damatsa suna mirginawa ba tare da sun rabu ba, kowa na sauraron ɗan'uwansa da fata, yana jiran inda zai ji ƙofa ta buɗe. Waɗanda suka ƙware har rufe ido suke yi. Daga nan sai turken katako mai hannu uku da ƙafa ɗaya, wanda ake gwada nisa da kusurwa a jikinsa. A Foshan binne gindinsa ake yi a ƙasa. A Hong Kong kuwa mutane a bene suke zaune, ba ƙasar da za a haƙa, sai aka koma rataye shi a kan sanduna biyu a jikin bango, kuma irin wannan ne ya bazu a duniya. A can ƙarshe ne ake koyar da doguwar sanda da tagwayen wuƙaƙe, waɗanda almajirai ƙalilan ne suka kai gare su a hannunsa.

Babu ɗamara mai launi a makarantarsa, irin wadda 'yan karet ke ɗaurawa, fara ko baƙa. Ba jarrabawa, ba takardar shaida. To da me mutum zai san ya ci gaba? Da hannun yayyensa. Wanda bara yake shiga ƙirjinka yadda ya ga dama, bana ya nemi ƙofa ya rasa, ka ƙaru ke nan, ko da kai ba ka ji a jikinka ba. Ita kanta kalmar kunfu, a harshensu ba faɗa take nufi ba. Tana nufin gwanintar da aka samu ta hanyar wahala da daɗewa, har mai dafa abinci ko mai sassaƙa ana iya cewa yana da ita. Chu Shong-tin, wanda ya zauna ɗaki ɗaya da malam shekaru, ya riƙe darasin farkon nan da sauran ke ƙosawa da shi, ya yi ta maimaita shi, har aka yi masa laƙabi da sarkin Siu Nim Tau. Ya koyar har zuwa rasuwarsa a 2014.

Abin da ya ɗaga sunan makarantar kuwa, gaskiya ba wannan haƙurin ba ne, faɗa ne. A shekarun 1950 samarin makarantu daban-daban kan yi alkawari su haɗu a kan rufin bene, inda 'yan sanda ba sa gani, su gwada ƙwanji ba safar hannu. Wanda ya fi yin suna a nan shi ne Wong Shun-leung, wanda ya fara da damben Turawa kafin ya zo wurin Ip Man. Nasarorinsa ne suka jawo samari. A nan dole mu ce iyayen da suka yi ƙorafi suna da hujja, domin an ji raunuka a waɗannan haɗuwa, kuma ba abin da za mu so a kwaikwaya ba ne a unguwar da muke zaune cikin mutane muna lallaɓa zaman lafiya. Kowa ya san yadda faɗan yara biyu a bakin kasuwa ke iya zama na ƙabila da ƙabila kafin Magariba.

Cikin samarin da suka shigo a tsakiyar shekarun 1950 akwai wani ɗan gidan mai wasan kwaikwayo, marar jin magana, mai yawan faɗan titi. Shi ne Bruce Lee, wanda aka haifa a San Francisco ta Amurka a 1940 aka raine shi a Hong Kong. An ruwaito cewa wasu almajirai sun ƙi yin atisaye da shi da suka ji mahaifiyarsa tana da jinin Turawa, don a lokacin ana ƙyashin koya wa wanda ba Basine ba. Ip Man bai kore shi ba. Akasarin horonsa a hannun Wong Shun-leung ya same shi, kun ga gardi ya sake fitowa. Abin da abokan karatunsa suka fi tunawa da shi shi ne naci: yana tafiya a titi yana naushin iska, yana cin abinci hannu ɗaya na aiki. A 1959 iyayensa suka tura shi Amurka saboda rigimarsa ta yi yawa, bai kuma sauke karatun Wing Chun ba. A Seattle ya yi aiki a gidan abinci, ya buɗe ajinsa, daga baya a 1967 ya sa wa nasa salon suna Jeet Kune Do. Tsallen nan da shurin sama da yaranmu ke nema, daga baya ya tsinto su a wasu wurare, kuma ya yawaita su ne saboda sun fi kyau a majigi.

Ba za mu mai da Ip Man waliyyi ba. Wasu daga cikin almajiransa sun faɗa a fili cewa ya yi fama da zuƙar ofiyom, wani abin maye da ya addabi mutanen Sin a wancan zamani, kuma kuɗin makaranta da yawa can suka tafi. Ba malami ne mai yawan bayani ba, yakan zauna da shayinsa da tabarsa yana kallo, ya tashi ya gyara wa wannan gwiwar hannu, ya koma ya zauna. Wannan ya sa bayan rasuwarsa almajiransa suka yi ta jayayya, kowa na cewa nasa ne sahihi. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2008, wanda Donnie Yen ya fito a matsayinsa, ya ƙara gishiri sosai. Karawar da aka nuna ya yi da janar ɗin Japan a gaban jama'a, masu fim ne suka ƙirƙira.

Sai mu dawo kan ajinmu na Lahadi. Almajiran Ip Man kusan kullum suke zuwa, namu kuwa sau ɗaya a mako, don akwai makaranta, akwai Islamiyya, akwai tsaron shago. Awa biyu a mako ba za ta gina kowa ba in ya jingine abin sai wata Lahadin. Ranar aji ranar gyara ce, malam ya duba abin da ka yi a kwana shidan da suka wuce ya daidaita maka, kamar yadda ake kai allo a biya. Ko wane salo malaminsu ke koyarwa, tsayuwar farko da motsin hannun farko ba sa bukatar fili ko kaya. Faɗin tabarma ya isa, minti goma bayan sallar Asuba kafin a fita. Muna kuma roƙon manyan ajin da suka ɗan yi gaba su riƙa kama hannun ƙanana, kada su tsaya jiran malam shi kaɗai. Iyaye kuma da ke da shakka, ƙofa a buɗe take, su zo ranar Lahadi su zauna su gani da idonsu, in sun ga abin da bai dace da tarbiyyarmu ba su faɗa a taro.

A 1967 Ip Man da almajiransa suka kafa ƙungiyar Wing Chun ta Hong Kong, abin da ya ba makarantar mazauni tabbatacce bayan shekaru goma sha bakwai ana yawo. Daga baya ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. 'Yan makonni kafin rasuwarsa, da ya ga ƙarfi na ƙarewa, ya sa aka kawo na'urar ɗaukar hoto gidansa da ke titin Tung Choi, don a bar wa na baya yadda ya karɓi abin. Hoton yana nan har yau, ana iya ganinsa a intanet: tsoho ramamme cikin kayan gida, yana yi yana tsayawa ya huta. Ya yi Chum Kiu, ya yi aikin turken katako, amma da Siu Nim Tau ya fara, ƙafa a kafe, hannu na fita a hankali.

Ya rasu ranar 2 ga Disamba, 1972, yana da shekara 79. Wata bakwai bayan haka, ranar 20 ga Yuli, 1973, Bruce Lee ya bi shi yana da shekara 32, kafin a fara nuna Enter the Dragon, fim ɗin da ya kai sunan kunfu har sinimun garin nan. A 2002 aka buɗe ɗakin tunawa da Ip Man a Foshan, garin da ya bari a 1949 bai sake komawa ba.